Tiyorin jinya: na cin jarabawa ne ko na gaban gado?

Nas ɗan aikin dare: Salamu alaikum. Bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Duk tiyorin nan da aka sa muka haddace a makaranta, na masanan jinya su Orem da Roy da Henderson, na cin jarabawa ne kawai. Shekarata shida ina aiki, ban taɓa tsayawa a gaban gado na ce "yau da Orem zan yi aiki" ba. Daren jiya ni kaɗai ne a kan gadaje sama da ashirin. Wannan ruwansa ya ƙare, wancan zazzaɓi ya rufe shi, wata na kira a juya ta. Ina na ga lokacin tiyori?

Ɗalibar shekarar ƙarshe: Wallahi Yaya kamar ka shiga raina. Sati guda ke nan ina fama da buƙatun majinyaci 14 na Virginia Henderson, in na kama na tara sai na uku ya kuɓuce.

Sista Babba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban raina gajiyarka ba, na yi irin wannan dare har ba na iya ƙirgawa. Amma ka amsa mini. An kawo maka dattijo da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya mutu, na hagu lafiya lau. Satin farko kai ne wanka, kai ne juyi, kai ne ba shi abinci a baki. Sati na uku ka shigo ka tarar 'yarsa na ta ɗura masa, shi kuwa ya zuba wa silin ido. Me za ka yi?

Nas ɗan aikin dare: Sai in ce ta saka masa cokalin a hannun hagu ya gwada da kansa mana, ko da zai zubar.

Sista Babba: To ka gama aiki da Orem ba ka sani ba. Abin da Dorothea Orem ta fitar a 1971 ke nan: nas ta auna giɓin da ke tsakanin abin da mutum ke buƙata da abin da zai iya yi wa kansa, ta cike giɓin kawai, kada ta wuce. Mataki uku ne. Akwai lokacin da za ka yi masa komai, akwai lokacin da za ku raba aikin, akwai lokacin da naka koyarwa ce da ƙarfafa gwiwa. Na taɓa ganin wata sabuwar nas, mai kirki ƙwarai, ta yi wa irin wannan dattijo komai har ranar sallama, tausayi ya hana ta barinsa ya wahala. Ya koma gida bai iya ko ɓalle maɓallin rigarsa ba. Ba ƙyuya ta yi ba, aiki ta yi fiye da kowa. Abin da ta rasa shi ne wanda zai gaya mata lokacin janye hannu.

Nas ɗan aikin dare: Sista, da girmanki, wannan ai hankali ne kawai. Ko kakata da ba ta shiga aji ba ta san haka.

Malamin makarantar jinya: In hankali ne kawai, me ya sa waccan nas ɗin ta rasa shi? Kuma ka duba takardar da kake cikewa idan an kwantar da sabon majinyaci: numfashi, ci da sha, fitsari da bayan gida, motsi, barci, tsaftar jiki, zafin jiki. Wannan jerin ba daga sama ya faɗo ba. Buƙatun Henderson ne, waɗanda Roper da Logan da Tierney suka ɗora a kai a Birtaniya a 1980 suka mai da su ayyukan rayuwa 12. Ra'in, wato tiyorin, ya narke cikin takarda har an manta mai shi. Cire jerin, ka ga nawa za su tuna su tambayi tsoho yaushe rabonsa da bayan gida.

Nas ɗan aikin dare: Malam, to mu koma kan uwar tafiyar. Florence Nightingale ai da farko ta ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cuta. Ke nan tiyorin nata kuskure ne tun daga tushe. Kuma da ta isa asibitin soja na Scutari a Istanbul a 1854 da mata 38, mace-macen ba su ragu nan take ba. Sai da hukumar tsafta ta zo daga Ingila a 1855 ta wanke magudanan ƙazanta ta buɗe hanyar iska.

Malamin makarantar jinya: Ka yi karatu ashe, kana ɓoyewa. Haka ne, ta kuskure dalilin. Amma ina tunanin nata ya sa aka duba? Ruwan sha, magudana, iska, haske, zanen gado. Sojojin da kwalara da atuni da zazzaɓi suka kashe a yaƙin Kirimiya sun fi waɗanda rauni ya kashe, kuma ita ce ta nace da alƙaluma har aka yarda. Sai dai ba zan kare kowane ra'i ba, kada ka ce malamai ba sa faɗin gaskiya. Martha Rogers ta koyar a 1970 cewa mutum wani filin makamashi ne, wasu suka jingina da wannan suka riƙa shawagi da hannu a saman majinyaci ba tare da taɓa shi ba, wai suna daidaita makamashin. Wata yarinya a Amurka, Emily Rosa, tana shekara tara ta gwada su. Suka zura hannuwansu ta cikin shamaki, ta riƙe nata a saman ɗaya ba tare da taɓawa ba, aka ce su faɗi wanne. Mutum 21, gwaji 280, suka dace a kashi 44 cikin ɗari, ko rabin da canke zai bayar ba su kai ba. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon a 1998. Irin wannan ni ma ba na ɓata wa ɗalibai lokaci a kai.

Ɗalibar shekarar ƙarshe: Amma Malam yana cikin manhaja fa, an ce zai fito.

Nas ta sashen masu taɓin hankali: Ni dai a wurinmu babu musu. Ba ƙarin ruwa muke yawan yi ba, ba wankin ciwo ba, magana ce kayan aikin. Hildegard Peplau ta rubuta tun 1952 cewa alaƙar nas da majinyaci tana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma rabuwar ma shirya ta ake yi. Na raina wannan sai da na gani. Wani matashi ya yi sati biyu bai ce wa kowa uffan ba, kullum in zauna kusa da shi minti goma, har ya fara magana da ni kaɗai. Aka canja mini sashe, na tafi ban yi masa sallama ba. Washegari ya ƙi cin abinci, ya ƙi magani, ya koma shirunsa. Laifina ne. Yanzu tun saura kwanaki nake gaya musu ranar tafiyata, in haɗa su da wadda za ta karɓe ni.

Nas ɗan aikin dare: Allah sarki. Wannan kam na karɓa, da na Sista. Amma ina nan kan rabin maganata. Minti goma a gefen gado ɗaya, mai gado ashirin a ina zai samo shi? Kuma yadda ake koyar da abin, haddar suna da shekara, shi ya sa muka tsane shi. Da da dattijon nan da cokalinsa aka fara mana, da ban buɗe wannan magana ba.

Malamin makarantar jinya: Ƙarancin ma'aikata babu tiyorin da zai magance shi. Batun koyarwa kuwa ka harbe ni, ban da ta cewa.

Sista Babba: Mai gado ashirin shi ya fi kowa buƙatar sanin wa zai iya riƙe kofinsa, wa ba zai iya ba. Yau da dare kafin ka fara zagaye, raba majinyatan gida uku bisa matakan Orem a bayan takardarka, gobe ka zo ka ba mu labari.

Nas ɗan aikin dare: To Sista, zan gwada. Amma in ya gagara, nan zan dawo in faɗa.