Fobiya: mu tsayar da sunanta da Hausa

Jama'a dan Allah ku zo mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar nan fobiya, saboda fassara ta da ake yi da "tsoro" kawai tana cutar da masu fama da ita. Ni dai ra'ayina a riƙa cewa ciwon tsoro.

Asalinta Girkanci ne, fobos, wato tsoro, shi yasa masu fassara suke tsayawa a nan. Toh amma abin da likitocin ƙwaƙwalwa suke nufi ya wuce haka nesa ba kusa ba. Kowa na tsoron maciji, wannan hankali ne ma. Su a wajensu sai tsoron ya fi ƙarfin haɗarin da ke cikin abin, ya riƙa tasowa kusan duk sanda aka haɗu da shi, mutum ya dinga kauce masa har ya taɓa aikinsa ko karatunsa ko lafiyarsa, kuma kundin likitocin Amurka DSM-5 na 2013 ya ce sai abin ya kai wata 6 ko fiye. Hukumar lafiya ta duniya ma a kundinta ICD-11 da ya fara aiki a 2022 cikin rukunin larurorin fargaba da tsoro ta saka shi.

Ku leƙa wajen awo ku gani. Mace da hankalinta, ana yage ledar sirinji tafin hannunta ya jiƙe sharkaf, leɓe ya bushe, ta ce tana ganin duhu-duhu, kafin a ɗaure damtsen ta sulale daga kan benci. Wannan nau'in na jini da allura daban yake da sauran, zuciya ce take fara bugawa da sauri sai kuma bugun ya ragu jini ya sauka kwatsam, shine suman. Sai kaji ana "haba Hajiya, ke da kika san naƙuda allura ce za ta gagare ki?" Ita ma fa ta san allurar ba za ta kashe ta ba, sanin bai hana jikin yin abin da ya yi. Wata mai zuwa ba za ta dawo ba, gwajin jini ya wuce ta kenan. In ka ce mata matsoraciya ka gama da ita, in ka ce ciwo ne ko mijinta zai tambayi ina ake magani.

Wani Malam ya kawo shawarar a ce firgici. Malam kalmar ta yi kyau, amma firgici abu ne na lokaci ɗaya, ya zo ya wuce, inaga mu ajiye shi ga wanda ke faɗo wa mutum ba zato, numfashi ya sarƙe ya ji kamar ransa zai fita. Fargaba kuma sunan babban rukunin ne gaba ɗaya. Matsanancin tsoro da ake ji a rediyo ya faɗi girman abin amma bai ce larura ba ce, wanda ɓarayi suka tare a hanya ma yana cikin matsanancin tsoro kuma lafiyarsa ƙalau. Cutar tsoro bana so, kunnen Bahaushe in ya ji cuta sai ya ɗauka ana ɗauka.

Masu cewa a bar ta fobiya yadda muka karɓi kwamfuta, matsalar ita ce kalmar ta riga ta cakuɗe. Fobiyar da ake liƙa wa baƙi a Afirka ta Kudu ko Musulunci a Turai, wato zenofobiya da Islamofobiya, ai ƙiyayya ce, kuma tuni 'yan jarida suka ce ƙyamar baƙi, ƙyamar Musulunci, sun yi daidai, kar mu haɗa mara lafiya da mai ƙiyayya a suna ɗaya. Sannan 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci fobi suke cewa, ita kuwa kaka a ƙauye ba ta san ko ɗaya ba.

Ciwon tsoro yana hawa harshe yadda ciwon suga da ciwon damuwa suka hau, kuma yana karɓar ƙari: ciwon tsoron allura, ciwon tsoron hawa sama, ciwon tsoron ƙuntataccen wuri irin lifta, ciwon tsoron kare. Kuma yana da magani, ana kusanto da mutum ga abin da yake gudu a hankali a hankali da yardarsa, a fara da hoto, sai kallo daga nesa, har ya taɓa. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Joseph Wolpe ne ya tsara irin wannan a Afirka ta Kudu a shekarun 1950. Ba wai a jefa wa yaro kyankyaso a riga don "ya saba" ba, wallahi wannan ƙara masa ake yi.

Inda nake neman taimakonku shine na shiga jama'a, wanda ɗalibi zai gwammace ya rasa maki da ya tashi ya yi magana a aji. In muka ce ciwon kunya mun taɓa ɗabi'ar da muke yabo, ciwon tsoron jama'a kuma wani zai ji kamar gudun mutane ne gaba ɗaya alhali idonsu da abin da za su ce a kansa yake tsoro. Ni ciwon tsoron idon jama'a ya fi kwanta min. Malaman Hausa da ma'aikatan lafiya, ya kuka gani?