Bindigar farko ta farautar koyote: shawarar mafarautan Amurka

Koyote dangin dila ne da ke addabar makiyayan tumaki a Amurka. Da mafarauta suka tattauna kan wace bindiga sabon shiga zai saya ba tare da ya yashe aljihunsa ba, yawancinsu bindiga mai cin harsashin .223 Remington suka zaɓa. Harsashin yana da araha, ana samunsa ko'ina, bindigar ba ta dukan kafaɗa, kuma yana kayar da koyote har tazarar yadi 300. Arahar nan ce ta fi burge ni, domin mutum zai yi ta gwajin saiti har hannunsa ya faɗa.

Masu farauta a filin Allah, inda iska ke kaɗawa, sun fi son harsashin .22-250 saboda saurinsa, sai dai yana cinye bakin bindiga da wuri. Shi kuwa .243 Winchester har barewa yake kayarwa, amma yana ɓata fatar da ake son sayarwa.

A bindigogi masu sauƙin kuɗi, an yaba Savage Axis da Ruger American. Sun kuma ce a ware kuɗin madubin saiti mai kyau, a nemi lasisi tukuna, don kowace jiha da dokarta.