Gabion da Hausa: kwando, keji ko raga?

Jama'a masu Hausa a baki ku matso, wata kalma ce ta tsaya mana a wuya a kwamitin unguwa. Kwarin da ya bi ta bayan gidajenmu nan Gombe duk damina sai ya ƙara cin gaɓa, bana har ya taɓa katangun mutane, injiniyan da ya zo dubawa ya ce gabion ne ya dace da wurin, mu kuma da Hausa za mu rubuta takardar neman gudummawa don a karanta a masallatai. To me za mu kira abun?

Ga wanda bai taɓa gani ba: waya ce ake saƙawa mai ido-ido, a haɗa ta kamar akwati, yawanci tsawo mita 2, faɗi mita 1, tsayi mita 1, a ajiye a gindin gaɓa a cika da duwatsu da hannu, duwatsun kuma dole su fi idon wayar girma kar su zube, a rufe a ɗaure bakin da waya, a jera wani a gefe a ɗora wani a sama yana ɗan ja baya hawa-hawa. Ba siminti ko cokali ɗaya.

Kuma dalilin da ya sa ake sa shi a gindi, ai ruwa ba daga sama yake fara ɓarna ba. Ƙasan gaɓar yake ƙwaƙulewa musamman wurin kwana inda yake bugawa da ƙarfi, saman ya rage a rataye, rana ɗaya ka ji rugum ya tafi da bishiya da masai da komai. Ga masu ɗibar yashi suna ƙara zurfafa kwarin, ga shara ta toshe hanya ruwa ya karkata gefe, ga kowa ya yi rufin kwano ya daɓe tsakar gida babu inda ruwan zai nitse sai dai ya kwararo gaba ɗaya.

Na farko da aka kawo shi ne a bar shi yanda yake, a ce gabiyan kawai, tunda kwalbati ma aro ne kuma ba wanda ya mutu. Wani ɗan'uwa daga Tawa ta Nijar ya ce su can gabiyon suke cewa irin furucin Faransanci, kuma ba baƙon abu ba ne a wajensu, tun aikin raya karkara na yankin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya ake datse koramu da shi. Na yarda su kam ya zauna musu a baki. Amma tsohon da za a karanta wa takarda a nan in ya ji gabiyan me zai hango? Ba komai. Kuma wanda bai hango abu ba hannunsa ba ya shiga aljihu.

Sai kejin dutse. Wannan shi ya fi kusa da asali don kalmar daga Italiyanci take, gabbione, wato babban keji, 'yan Italiya ne ma suka shahara da na waya tun 1893 da suka gyara wata madatsa da shi a kogin Reno kusa da Bolonya. Matsalar keji abu mai rai ake sawa a ciki, kuma yana da ƙofa. Wani ya ce to akurkin dutse, aka yi ta dariya aka wuce. Mangala ma an kawo, amma duk wanda ya ji mangala yashi da jaki zai tuna, sai a ɗauka buhunan yashin nan ne da muke jerawa duk shekara rana ta cinye su kafin damina ta ƙare.

Inda aka daɗe ana ja shi ne tsakanin kwandon dutse da ragar dutse, kuma gaskiya kwando ya fi magoya baya, yana da daɗin faɗa, yaro ma zai gane. Ni dai ina bayan raga, bari in faɗi dalili. Kwando ɗauka ake a kai shi wani wuri, bakinsa a buɗe, wannan kuwa in an cika ya fi tan biyu, ba mai motsa shi, kuma a ɗaure yake ruf. Sannan duk amfanin abun a idon nan yake. Katangar kankare tana tare ruwan da ya jiƙe ƙasar bayanta, ya taru ya yi ta turawa har ta tsage ko ta kife, wannan kuwa ruwa ya tsiyaye ya wuce ƙasa ta tsaya, in gindin ya ɗan zauna sai ya lanƙwasa ya bi shi bai karye ba. Kalmar raga tana faɗin wannan ba sai an yi dogon bayani ba. Kuma in ka je wurin masu kayan gini ka ce wayar raga ba wanda zai tambaye ka me kake nufi.

Akwai abu na biyu da ya sa nake son sunan ya tsaya kan wayar: ita ce lagonsa. Dutse ba ya ruɓewa, waya ce ke tsatsa, balle a kwarin cikin gari da ruwan wanka da na masai ke bi rani da damina, shi ya sa ake neman wadda aka yi wa rufin roba ba farar waya zalla ba. Ga kuma 'yan jari bola, in ba a sa ido ba dare ɗaya su yanke ta, duwatsu su watse, kuɗi sun tafi. In mutanen unguwa sun san ragar ce aikin, ragar za su tsare.

Wani malami ya yi gyara mai kyau, ya ce ai akwai mai faɗi marar kauri, wanda bai wuce santimita 30 ba, da ake kwantarwa a ƙasan kwari da jikin gangara don kar ruwa ya haƙe ƙarƙashin manyan. Turawa katifa suke ce masa. Mu shimfiɗar dutse ta fi, aka amince ba musu. Shi kuma aikin gaba ɗaya, da rage tsinin gaɓa da jera raga da dasa jema ko gamba a sama don saiwa ta riƙe ƙasa, ɗaurin gaɓa muka sa masa. Tsiron kashe-kwari ma yana riƙewa, sunan ma ya faɗa, sai dai mata sun ce ba sa so kusa da gida saboda macizai.

To abin da zai shiga takarda: ragar dutse, jam'i ragogin dutse, shimfiɗar dutse, ɗaurin gaɓa. Masu kwando ku yi haƙuri, in naku ya fi yaɗuwa a rediyo ba zan yi faɗa ba. Saura guda ɗaya da ta gagare mu, wannan ƙyallen mai kauri da ake sawa tsakanin raga da ƙasa, ruwa ya wuce ta cikinsa amma ƙasa ba ta bi. An ce matacin ƙasa, an ce bargon ƙasa, ba wanda ya kwanta min. Wa ke da wata kafin Juma'a?