Neman Shawara Kan Matan da Suka Yi Farauta Kafin Zuwan Noma

Malama Rabi: Assalamu alaikum. Mako mai zuwa zan koyar da ɗalibaina rayuwar mutanen da suka rayu kafin a fara noma, kuma littafin da ke hannuna ya yanke hukunci cewa farauta ta maza ce, mata kuwa aikinsu tsintar 'ya'yan itace da tonon saiwa. Ina neman abin da zan karanta kafin in maimaita wannan magana a gaban aji.

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara daga tushe, wato taron da masana rayuwar al'ummu Richard Lee da Irven DeVore suka shirya a Chicago a 1966, wanda daga baya ya zama littafin Man the Hunter (wato "Namiji Mafarauci") a 1968. Sunan littafin ya fi abin da ke cikinsa tsauri, domin Lee da kansa ya nuna cewa a wurin mutanen !Kung na hamadar Kalahari, abin da mata suke tarowa, musamman ƙwayar mongongo, ya fi nama yawa a cimarsu ta yau da kullum.

Hajiya Binta: Bayan wannan sai ki nemi binciken Randall Haas da abokan aikinsa na 2020. A wani wuri mai suna Wilamaya Patjxa, cikin tsaunukan Andes na ƙasar Peru, sun tono kabarin da ya kai kimanin shekara 9,000, suka tarar da kawunan mashi na dutse da wuƙaƙen fiɗa da abin kankare fata a tare wuri guda kusa da gawar, kamar a jaka aka binne su. Da farko sun ɗauka babban mafarauci ne, sai gwajin sinadarin da ke cikin haƙori ya nuna budurwa ce mai shekara 17 zuwa 19. Da suka koma kan tsofaffin kaburburan nahiyar Amurka, a cikin mutum 27 da aka binne da kayan farautar manyan dabbobi, 11 mata ne.

Malam Isa: Hanzari ba gudu ba, Hajiya. Kayan da aka ajiye a kabari ba mamaci ne ya ajiye su ba, masu makoki ne, kuma mutum 27 ba su isa a yi wa nahiya guda hukunci ba. Haka kuma, Malama, za ki ci karo da binciken Abigail Anderson na 2023, wanda ya ce mata suna farauta a al'ummu 50 daga cikin 63 da aka duba. Ina roƙon kada ki karanta shi shi kaɗai, ki haɗa da martanin Vivek Venkataraman na 2024, wanda ya nuna kurakurai a yadda aka zaɓi al'ummun da yadda aka ƙidaya su.

Hajiya Binta: Na yarda, Malam, sai dai ka lura cewa da aka ga mashi kusa da namiji ba a taɓa cewa masu makoki ne suka ajiye shi ba.

Malam Habu: Ni a ganina rabin gardamar yana kan abin da ake kira farauta. Matan Agta na tsibirin Luzon a Filifin suna fita da karnuka su kashe aladen daji da barewa, wannan ba mai musu. Amma matan Martu na yammacin Ostareliya suna banka wa ciyawa wuta, su bi ramuka da sanda suna tono damo, kuma naman da suke kawowa yakan zo kusan kullum, alhali mazan da ke bin kangaru sukan dawo hannu rabbana. Wanda ya taɓa ganin yadda ake tonon damo a karkara ya san ba tsintuwa ba ce. Ki duba rubuce-rubucen Rebecca Bliege Bird a kan wannan.

Malam Isa: Ki kuma ƙara da Hadza na Tanzaniya, inda baka da kibiya mai dafi suke hannun maza, mata kuma suna tonon saiwa, domin kada ɗalibai su ɗauka rabon aikin ƙirƙirarsa aka yi.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da zanen kayan kabarin Peru ba tare da na faɗa musu ko na wane ne ba, in bar su su yi hasashe tukuna.