Man bergamot ya ɓata min wuya, ga biki ya matso

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Tun rasuwar Innata barci ya ƙaurace min, ga maigida an maida shi Gusau sai ƙarshen wata yake zowa, ga uwar miji ta zo ganin likita tun azumi har yau ba ta koma Gwadabawa ba, kullum miya ko gishiri ya yi yawa ko bai ji ba, ni dai ban taɓa tanka mata ba Allah shi ne shaida. To ƙanwar maigidan ce ta kawo min man bergamot tsaraba, tac ce yana kwantar da hankali. Na zuba cikin man kaɗanya ina shafawa wuya da kafaɗa. Ranar Asabar na shafa da safe na zauna wanki tsakar gida har azahar, da dare wurin ya yi ja yana raɗaɗi har ya ɗuri ruwa, yanzu ya koma baƙi har sawun yatsuna ya fito. Bikin ƙanwata saura sati 2 kuma an riga an ɗinka anko. Mi zan yi?

Hajiya mai humra: Jabu ne ƙanwata, ba wata magana. Na daɗe cikin sana'ar turare, mai na asali bai ƙona mutum. Matsalarku kenan, ku tsallake mu da munka san kaya ku bi na arha, wata ta karɓi humrata bashi tun ƙaramar sallah ta tafi ta sayi ruwan banza a intanet tana min yanga da shi. Ki zubar.

Maman 'yan biyu: Hmm. Ƙanwar miji ta ba ki abu ki shafa ma jikinki ba bincike? Ni tawa atamfa ta kawo min, wata guda ina ciwon baya. Ban ce komi ba dai, ki riƙe azkar.

Mai tambaya: A'a don Allah kar a kai zancen can, yarinyar ba ruwanta, ita ma tana amfani da shi.

Ma'aikaciyar lafiya: Sannu 'yar uwa. Hajiya ki yi haƙuri, na asalin ne ma ka yin haka. Bergamot wani irin lemu ne da aka fi nomawa a Kalabariya, kudancin Italiya, daga ɓawonsa ake matse man, shi ne ƙamshin da ake ji a shayin Earl Grey. Akwai sinadarin bergapten a ciki, in yana kan fata rana ta buge shi sai ya ƙone wurin ya bar baƙi, balle ranar Sakkwato. Shi ya sa ake cewa in an shafa kar rana ta taɓa wurin sai bayan aƙalla awa 12, ko a nemi wanda anka rubuta FCF a kwalbar, an cire mai sinadarin. Ɗigo nawa kika zuba a man kaɗanyar? Kuma kina shafa man ƙara haske?

Amaryar bana: Ki matse lemun tsami da zuma ki riƙa gogawa, kwana 3 ya goge.

Ma'aikaciyar lafiya: Kar ki soma! Lemun tsami ma yana da dangin sinadarin nan, ƙara ƙonewa zai yi. Ki rufe wurin daga rana, kar ki fasa ƙurajen, ki je likitan fata ya gani. Baƙin yakan ɗauki watanni kafin ya washe, gara ki sani tun yanzu.

Hajiya mai humra: Watanni ina? Dilka da kurkur ta sati guda ta ishe ta, amare nawa na gyara. Ku 'yan asibiti komi sai kun tsorata mutane. Ko cikin humra ana sa mai ƙamshin lemu, wa ya taɓa ƙonewa? In kina so ki min magana ta gefe.

Mai tambaya: Ni fa ban zuba da yawa ba, daidai misali ne, kuma wallahi tun da na fara shafawa nake samun barci, shi ya sa ban son bari. Asibiti kuma wa zan bar ma tsohuwa da yara?

Ma'aikaciyar lafiya: Ai ba sai kin shafa ba, ƙamshin ake so. Ɗigo 2 ko 3 a auduga ki aje gefen filo, ko cikin na'urar hura ƙamshi in da wuta, kar dai a sha kuma a nisanta shi da jarirai da mai asma. Yana sa wasu natsuwa amma ba maganin rashin barci ba ne, naki da alama damuwa ce, shi ma ki faɗa ma likita. Dilka kuma kan fatar da ba ta warke ba ɗaye ta za ta yi. Ba ki ban amsa ba zancen man hasken.

Maman 'yan biyu: Damuwar ai tana ɗakin baƙi tana jiran tuwo. Tawa wata 8 tai.

Mai tambaya: A auduga bai kama ni kamar na shafawa, na gwada. Hajiya dilkar nan nawa ce, kuma kina zuwa gida ko sai an zo?