Mai gidan hayarmu a Alƙahira ya gayyace ni cin abinci, in je?

Ɗan Gumel: Assalamu alaikum. Mai gidan da muke haya a Hayyul Ashir ya ce in je gidansa cin abinci ranar Juma'a bayan Isha. Ina da gyambon ciki, likita ya hana ni maiƙo, ga shi yana bina hayar wata guda. In je ko in ba da uzuri?

Abu Hanan: Ka je, amma kada ka shiga hannu rabbana. Basbusa, wannan kek ɗin nasu mai zaƙi, kilo guda ta isa, fam 150 ce na kuɗin Masar.

Maman Sadik: Malam, wace shekara ka yi wannan cinikin? Tun da aka karya darajar fam a Maris 2024 ban sake jin wannan farashin ba. 280 na saya makon jiya.

Abu Hanan: A unguwar Darrasa nake saya. Ke Hajiya shagon masu gilashi kika shiga.

Bakatsine: Ku bar zancen basbusa. Ni ma haka aka gayyace ni. Aka jera mahshi, wato kayan lambu da aka cika da shinkafa, aka kawo tantabara an cusa mata shinkafa a ciki, uwargidan tana zuba mini tana rantsuwa sai na cinye, in na ture faranti ta ƙara. Har na fara jin kewar gyatumata. Ana kawo shayi sai maigidan ya zaro takarda, wai sabuwar yarjejeniya, haya ta kusa ninkawa. Da wane bakin zan yi gardama, naman tantabararsa na cikina? Na sa hannu. Kafin zangon karatu ya ƙare na kwashe kayana.

Sarkin Zolaya: Allah sarki, tantabara mafi tsada a tarihin Masar. Ɗan Gumel, in an kawo mulukiya kada ka tsorata, miyar lalo ce da ba ta ga daddawa ba.

Abu Hanan: Bakatsine, naka ne ya zo da haka. Tun kafin juyin juya halin 2011 nake garin nan, na ci abinci a gidajen Misrawa ba adadi, ba wanda ya taɓa zaro mini takarda.

Bakatsine: Ustaz, kai a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar, ka yi zamanka, kyauta. Wanda bai taɓa biyan haya ba ya bari mu yi magana.

Ɗan Gumel: Jama'a, maganar cikin nawa fa?

Maman Sadik: Ka ce masa likita ya hana, ka ci shinkafa kaɗan. Amma gaskiyar Bakatsine a kan haya. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo, masu gidaje suka samu abin fakewa. Dillalai su ne ma suka fi ci mini rai, ya nuna maka ƙofa kawai ya karɓi kuɗin wata guda.

Bakatsine: Namu ma har da na "shayi" ya nema. Wa ya san ɗaki a Hayyut Tamin da ba sai an bi ta hannun dillali ba?