Da koko ko da ruwa zalla?

Hajiya Rabi: Matan Aboabo, ku raba mu. Ƙanwata Ladi na shan levothyroxine, maganin ciwon tairod na wuya, wai sai da ruwa zalla, ciki wayam, kuma ta jira minti 30 zuwa awa 1 kafin ta karya. Ni tun tasowata na san magani a kan yunwa ulsa yake kawowa. Na ce ta kora da koko, ta ƙi.

Ladi: Yaya, wata 3 fa na yi ina bin maganarki. Ƙwaya, koko, ƙosai, sai kasuwar Kejetia ta Kumasi. Me na samu? In na taje kai, gashi ya cika mataji. Rana tsaka ina shago da rigar sanyi, maƙwabciyata na fifita da kwali. Aka auna TSH, awon jinin da ke duba tairod, ya hau, wato maganin bai isa ba.

Hajiya Rabi: Hunturu ne.

Ladi: A watan Maris, Yaya?

Samira (nas): Hajiya, maganarki dutse a kan irin su diclofenac da ibuprofen, su ne ke cin ciki. Wannan daban yake. Ciwon Anti Ladi shi ne Hashimoto: garkuwar jikinta ce ke yi wa tairod ɗin da ke wuyanta ɓarna, har ya kasa samar da isasshen sinadari. Ƙwayar madadin sinadarin ce, da maikirogiram ake auna ta, 25, 50, 100. Abin da bai kai ƙwayar gero ba, in ya tarar da abinci a hanji, ba duka ke shiga jini ba.

Mma Azumi: To ni fa? Shekara 6 da Lipton da madara nake haɗiye tawa, ga ni garau. Ku yaran asibiti akwai tsawwalawa.

Samira: Mma, Allah ya ƙara lafiya. Mai yiwuwa a kan wannan shayin aka daidaita miki adadin, shi ya sa ya zauna. Ke kam kada ki sauya dare ɗaya. In za ki koma ruwa zalla, ki gaya wa likita, a sake awo bayan sati 6 zuwa 8, don adadin na iya yi miki yawa, zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaurace.

Mma Azumi: Kun ji ko? Ta ce kada in sauya.

Samira: Ba haka na ce ba, Mma!

Hajiya Rabi: Ni dai jini ne ya yi mata kaɗan. Shi ya sa na sayo mata tonik, cokali guda kowace safiya.

Samira: Af, ashe ga babban ɓarawon. Ayon, wato sinadarin ƙarfe, da ke cikin tonik da kalsiyam suna kama maganin a hanji. Awa 4 ake sa wa tsakani. Haka farin maganin ƙwannafin nan. Anti, in safiya na ba ki wahala, ana sha da dare, awa 3 bayan cin ƙarshe, muddin kullum lokaci ɗaya ne.

Ladi: Gidanmu da ba a kwashe tuwo sai ƙarfe 9? Na riga na samu dabara. Ƙwayar na kusa da dardumata, da kofin ruwa a rufe. Ina tashi asuba in haɗiye, in yi alwala, salla, lazimi, shara. Kafin mai koko ta sauke tukunya awa ta cika.

Hajiya Rabi: To da azumi fa?

Ladi: In tashi awa 1 kafin sahur.

Hajiya Rabi: Hm. Tonik ɗin dai kuɗina ne, sai kin shanye. Ki mai da shi bayan azahar.